Garejin da ke tantance asalin tsofaffin motoci a Legas: abin da idona ya gani

Sana'ata dillancin mota ce. A Agege nake zaune, a kasuwar Berger nake neman abincina, kuma tokumbo da 'yar Kwatano babu irin wadda ba ta bi ta hannuna ba. Kawo min Camry ko Highlander, kafin ka gama gaisawa da jama'a na gaya maka ko ta taɓa yin karo, ko an juya mata mita, ko ambaliya ta taɓa shanye ta a Amurka. Amma tsofaffin motocin ƙawa da na tsere, irin waɗanda masu hali ke tarawa, wannan wani fage ne dabam, ilimin Berger ba ya kai mutum ko bakin ƙofarsa. A wurinmu shekaru ne ke karya kuɗin mota. A wurinsu kuwa shekarun su ne kuɗin, muddin an tabbatar motar ita ce ita, ba wata aka sa wa rigarta ba. Wannan tabbatarwa ita ce aikin garejin da zan ba da labarinsa, domin na ga 'yan'uwanmu a Legas sun fara zuba dukiya mai nauyi a wannan harka, kuma da yawansu labari suke saya, ba mota ba.

Garejin yana wani lungu ne tsakanin Mushin da Ilupeju, ba nisa da kasuwar Ladipo. Babu allo a ƙofa, sai baƙin get da yaron gareji ke buɗewa in ya ga fuskar da aka ce za ta zo. Mai wurin dattijo ne Bayarabe, kowa Baba yake ce masa. A Sabon Garin Kano ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran Marsandi, don haka Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu da aka haifa a Idi-Araba. Yana gyara, amma abin da aka san shi da shi shi ne duba asali: ka kawo mota, ya bi ta lamba-lamba, walda-walda, ya rubuta maka abin da ya gani ya sa hannu.

Maigidana Alhaji, wanda ke harkar canji, shi ne sanadin zuwana. Tun yana yaro ya ga wata ƙaramar Marsandi mai kujera biyu a unguwar Nasarawa ta Kano, ta zauna masa a rai har furfura ta fito. Ita ce wadda masu tara motoci ke kira Pagoda, mai rufin ƙarfe da ake ɗagewa a ajiye, tsakiyarsa a ɗan lotse. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara nuna ta a bajekolin motoci na Jeniba a 1963, ya ci gaba da ƙera ta har 1971, iri uku: 230 SL, 250 SL da 280 SL. Duka-duka guda 48,912 aka yi, 23,885 daga ciki 280 SL ce. Ba ta kai Ferrari tsada ba, amma lafiyayyiya mai cikakken asali tana haura dala dubu ɗari a kasuwannin waje, kuma masu sayarwa a nan da dala suke magana.

Wani dillali ya kawo mana labarin guda a Lekki. Ja ce jawur, fenti na ɗaukar ido, kujerun fata sababbi, injin a wanke tas. Sannan ga labari a kai: wai motar wani minista ce na Jamhuriya ta Farko, ya saye ta sabuwa dal yana kan kujera, ta yi shekaru a kulle a gidan magadansa a Ikoyi. Wannan labarin kaɗai ya kusa ninka kuɗinta. Alhaji ya zagaya ta, ya shafa sitiyari, na ga zuciyarsa ta riga ta biya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba a cinikin biri a sama. Ni dai wannan ta fi ƙarfin idona, a bari mu kai ta wurin wanda ya san ta."

Sharuɗɗan Baba su ne abu na farko da ya sa na yarda da wurin. Ba ya sayar da mota, ba ya haɗa ciniki, ba ya karɓar la'ada daga kowa. Mai saye ne ke biyansa, kafin ya taɓa motar, kuma kuɗin ɗaya ne ko ta ci jarrabawa ko ta faɗi. Ni da na yi rayuwata cikin la'ada na san abin da wannan ke nufi: duk wanda zai ci in ciniki ya faɗa, idonsa ba zai ga tsatsa ba. Sai kuma ya ce a kawo ta da safe a kan motar ɗaukar mota, injin a sanyi, kada a wanke ta, kada a fesa mata komai a ƙasa. Mai sayarwa ya ɗan yi gardama, ya ce a zo a duba a inda take. Baba ya ce shi ba ya duba mota a ƙarƙashin fitilun ɗakin baje kaya, ramin garejinsa yake so da hasken rana.

Da aka sauke ta bai ko kalli fentin ba. Bonet ya ɗaga, ya sa yaronsa ya riƙe tocila, ya sunkuya ta gefen dama inda aka buga lambar casis a jikin ƙarfen gaba. Motocin yanzu lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, tsarin da aka daidaita a 1981, kuma mu 'yan Berger waya kawai muke ɗauka mu shigar da ita intanet tarihin mota ya fito. Waɗannan tsofaffin ba haka suke ba, sai mutum ya iya karatunsu da kansa. Ta fara da 113044, wato 280 SL ce, domin 230 SL da 113042 take farawa, 250 SL kuma da 113043. Alƙaluma biyu na gaba su ne ya tsaya a kansu. In ka ga 10, sitiyarin hagu ce mai giyar hannu. 12, hagu ce mai giya da kanta. 20 da 22 kuwa na sitiyarin dama ne. Tamu 12 ce. Bai wuce nan ba sai da ya goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ya bi siffar kowane alƙalami da farcensa, ya zura ƙaramin madubi ta bayan ƙarfen yana neman alamar an goge tsohuwar lamba da giranda ko an yanko wurin daga wata mota an liƙa. Ya daɗe a nan ƙwarai. Da ya ɗago ya ce lambar ta kamfani ce, babu wanda ya taɓa ta. Na ga dillalin ya saki ajiyar zuciya.

Sai Baba ya juya wurin Alhaji ya ce, "Alhaji, a wace shekara aka kashe Sardauna?" Alhaji ya ce, "1966, watan Janairu, Allah ya jiƙansa." Baba ya ce, "Amin. To a ranar Jamhuriya ta Farko ta ƙare. Ita kuwa 280 SL ba a fara ƙera ta ba sai ƙarshen 1967. Wane ministan ne ya hau ta?" Dillali ya yi maza ya gyara zance, ya ce ai bayan ya sauka ne ya saya, a 1970, ga ma rasit. Ya zaro wata takarda da ta yi ruwan ƙasa, gefunanta a cinye, da hatimi da sa hannu. Baba ya sa tabarau ya duba, ya miƙa wa Alhaji, ya ɗora yatsa a kan kuɗin da aka rubuta. Da naira aka rubuta. Alhaji ɗan canji ne, ba ya buƙatar a gaya masa cewa sai 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam da sule. Ya ninke takardar ya mayar wa mai ita bai ce uffan ba.

Akwai kuma maganar sitiyari. Har zuwa 2 ga Afrilun 1972 ta hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, irin na Ingila, don haka motocin da ake sayarwa sababbi a nan kafin lokacin galibi masu sitiyarin dama ne. Abin da ya burge ni, Baba bai ɗauki wannan hujja mai yanke magana ba. Ya ce akwai waɗanda suka shigo da masu sitiyarin hagu tun wancan zamani, ma'aikatan jakadanci da ɗaliban da suka dawo daga Jamus. Sai ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar gefe, ya haska mana wasu faci biyu na walda, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai inda ƙananan fitilun gefe suke a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1968. An cire su, an toshe ramukan, an sa manyan fitilun gaba irin na Turai. Agogon gudu ma da mil yake ƙirga. Motar Amurka ce, ta shigo ta ruwa kamar kowace tokumbo, aka yi mata kwalliya aka ɗaura mata tarihi.

Lambar injin tana gefen hagu na bulok, ƙasa kaɗan da kan injin, wurin da sai an kwanta a kan mota ake gani. Injin 280 SL da 130983 yake farawa. Wannan da 130980 ya fara, wato na 280 SE ne, babbar salun ta zamanin. Girmansu ɗaya, silinda shida, ido ba zai raba su ba, kuma na salun ɗin ya fi sauƙin samu, shi ya sa ake yawan musanyawa da shi in na asali ya mutu. Amma na Turai mai lamba 983 ƙarfin doki 170 ne, na salun 160. Baba ya ƙara mana wani abu da yake da amfani ga duk mai neman irin waɗannan motoci: in kamfani ne da kansa ya canza injin, akan sami ɗan faranti a jikin bulok da ke nuna haka, kuma masu tarawa suna karɓar wannan da mutunci fiye da injin da aka tsinto a wurin 'yan gwangwan.

Daga nan ya koma jiki. Mu a Berger mayen ƙarfe muke yawo da shi a aljihu, inda ya ƙi kamawa mun san akwai fila, wato ƙullun da ake cike lotsewar jikin mota da shi. A Pagoda wannan dabara ɓatar da mutum take yi, domin bonet da murfin but da fatar ƙofofi duk alminiyam ne tun daga kamfani. Shi wata 'yar na'ura yake da ita mai auna kaurin fenti a kan ƙarfe da alminiyam. A kan ƙofofi lambar da na'urar ke nunawa tana zaune wuri ɗaya, da ya zo gaban dama sai ta yi tsalle ninki-ninki. Ya kama hannun Alhaji ya bi da yatsansa ta gefen ɗakin injin, inda fenda ta haɗu da jiki. A irin wannan mota fendar gaba ba da noti aka ɗaure ta ba, walda ce ta ɗigo-ɗigo da injin kamfani ya yi, jere reras, tazararsu kusan ɗaya, yatsa yana jin kowane ɗan lotso. A gefen hagu suna nan. A gefen dama sumul, an shafe. Ya kuma nuna mana wata 'yar tsaga da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba a saman fenda, kusa da zoben fitila, wadda kamfani ke bari kuma takan ɓace in an canza fenda ko an cika da fila. Hagu akwai, dama babu. Farantin bayanai da ke ɗakin injin kuwa lambar fentinsa 050 ce, wato fari. Ya ɗaga wata roba a bakin but, ga farin nan a kwance ƙarƙashin jan.

Rahotonsa bai ce motar jabu ce ba, kuma wannan adalcin shi ne abin da na fi girmamawa a aikinsa. Ya rubuta cewa 280 SL ce ta gaskiya, ta kasuwar Amurka, lambar casis ɗinta lafiya lau, injinta ba nata ba ne, ta taɓa yin karo ta gaban dama, an canza mata launi, kuma takardar da aka kawo ba ta dace da shekarunta ba. Ya ce mota ce da za a ji daɗin hawa ranar Lahadi in an saye ta a kuɗin da ya dace da wannan bayani. Ya ba da shawarar a nemo kwafin katin haihuwarta daga sashen tsofaffin motoci na Mercedes-Benz a Jamus, katin da ke ɗauke da lambar casis da ta injin da ta giyabos, da launi, da irin kujeru, da ƙarin kayan da aka sa mata ranar da ta bar masana'anta. Sai mai mota ya nuna shaidar mallaka ake ba shi. Mai sayarwa ya ce ba shi da lokacin wannan, kuma bai rage ko sisi ba. Nan ciniki ya watse.

Wani zai ce wannan duk wahalar me, mota dai ba ta tafiya? Kuɗin da ke cikin harkar ne ya kawo haka. A 2018 an sayar da Ferrari 250 GTO, wadda 36 kacal aka ƙera, a kan dala miliyan 48.4 a gwanjo a Amurka. A watan Mayun 2022 an sayar da ɗaya daga cikin Mercedes 300 SLR Uhlenhaut guda biyu da ake da su a duniya a kan yuro miliyan 135. Inda kuɗi ya kai haka, maƙera na ɓoye ba za su rasa ba. Porsche 911 Carrera RS ta 1973 guda 1,580 aka yi, kuma sananne ne cewa ana ɗaukar 911 ta gama-gari a canza mata kama a kira ta RS. A 2023 'yan sandan Jamus sun kai samame wani shahararren garejin gyaran Marsandi 300 SL kusa da Stuttgart bisa zargin cewa an sami motoci biyu masu lambar casis ɗaya. In a ƙofar gidan Marsandi za a yi irin wannan zargi, to mai saye a Lekki da ba shi da komai sai bakin dillali fa?

Kuma mu ma mun san darajar asali, ko da ba mu saba faɗinsa game da mota ba. Duk wanda ya je gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan ya ga baƙar Marsandin da Janar Murtala Muhammed yake ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Irinta a kasuwa ba wata mai tsada ba ce. Abin da ya sa ba ta da farashi shi ne an san ta wane ce, an san ranar, an san wurin, kuma babu wanda ke jayayya. Wannan darajar ce masu ƙirƙirar rasit suke son su sata su manna wa motar da ta fito daga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tin Can, kuma abin yana ɓata min rai, domin sunayen magabatanmu ake cin kasuwa da su.

Mota ta biyu da muka kai masa daga Ibadan ta zo, daga hannun wasu magada. Ba ta da kyan gani ko kaɗan: fenti ya ƙoƙe, kujeru sun tsattsage, ƙasan direba tsatsa ta huda har kana hango ƙasa. Lambarta ta fara da 113042, sai 20, wato 230 SL mai sitiyarin dama da giyar hannu. Amma sitiyarin yana hagu. Ni da na ga haka na ɗauka an sake kama wata ƙaryar ce. Baba kuwa fuskarsa ta washe. Ya haska bangon da ke raba injin da cikin mota, ga tsohon ramin sitiyari a dama an toshe shi da faranti, waldar iskar gas irin ta makanikan da, ta yi baƙi da shekaru. Ya ce bayan 1972 haka aka riƙa juya motoci a garejojin Legas da Ibadan da Kano, kuma wannan facin shaida ce mai ƙarfi cewa motar ta daɗe a ƙasar nan. Injinta da 127981 ya fara, irin nata. Magadan suka yarda aka nemo katin daga Jamus, ya zo, lambar injin ta yi daidai har alƙalamin ƙarshe. Giyabos ne kawai aka taɓa canzawa. A cikin wata tsohuwar jakar fata kuma akwai takardun inshora da aka biya da fam da sule, da hoton mahaifinsu jingine da ita sanye da agbada. Ita Alhaji ya saya.

A kan wannan motar ne muka sami saɓani da Baba, kuma har yanzu ina kan bakana. Shi yana son a mayar da sitiyari dama, a koma yadda kati ya ce, domin haka masu saye na waje suke so. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan facin da kai da kanka ka yi murnar gani, shi za mu goge?" Motar ta yi shekaru sama da hamsin a haka, kuma ita ce shaidar ranar da ƙasa gaba ɗaya ta canza hannu. Ga shi kuma jami'an kiyaye haɗurra ba sa ƙyale mota mai sitiyarin dama a titi, Alhaji kuwa hawa yake son yi, ba ajiya ba. Haka muka yi a kan ƙarin fankar lantarki a gaban lagireto. Baba ya ce ba a yi ta da shi ba. Gaskiya ne, amma ba a yi ta don gosulon Ikorodu Road a watan Maris ba. A ƙarshe ya yarda da fankar da sharaɗin ba za a huda ko rami ɗaya ba, a ɗaure ta yadda za a iya cirewa a koma asali. Wannan sharaɗin nasa ya fi nawa tunanin kyau. Sitiyari kuwa Alhaji ya yanke hukunci a bar shi a hagu, Baba ya rubuta haka a rahoto da dalilinsa.

Wurin yana da nasa aibin, kuma gara mutum ya sani kafin ya je. Na farko jinkiri. Duba na yini ɗaya ne, amma rahoto sai ka yi ta sintiri, in an ce gobe ka ƙara mako. Ba ya ɗaukar waya in yana aiki, yaran kuma ba su da ikon ba da amsa, alhali mai sayarwa yana can yana matsa maka da cewa wani ya taya. Rahoton da hannu yake rubuta shi, da Turanci, babu hoto ko ɗaya. Ga motar da watarana za a iya sayarwa a Dubai ko Landan, wannan bai wadatar ba. Ni na riƙa bin sa da wayata ina ɗaukar kowace lamba da kowace walda. Lungun kuma da damina ruwa yake kwanciya a bakin get, motar da ƙasanta ya kusa taɓa ƙasa ba ta shiga sai a kan motar ɗauka, wannan ƙarin kuɗi ne. Kuɗin duban kansa ba kaɗan ba ne, wanda ya saba ba makanike na goro ya leƙa masa mota zai ji nauyinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ya faɗin farashi. Ka tambaye shi nawa ta dace a saya, sai ya ce shi ba ɗan kasuwa ba ne. Na fahimci dalilinsa, yana tsare mutuncinsa ne kada a ce ya haɗa baki da wani. Amma mai saye da ya ji cewa injin ba na asali ba ne yana buƙatar sanin ko kashi nawa wannan zai rage, kuma a Legas babu wani wurin da zai je ya ji. Ko sakamakon gwanjon waje na motoci masu irin wannan matsala ya riƙa nuna wa mutane, da ya taimaka. Sai kuma maganar magaji. Yaransa sun iya kwance famfon injekta na Bosch su mayar, na gani da idona, amma karatun lamba da walda har yanzu a kan Baba kaɗai yake, kuma shekaru sun ja. Na faɗa masa haka, ya ce akwai ɗaya da yake koya wa, ɗan Zariya ne ma. Allah ya sa ya ɗauka.

Iliminsa na motocin Jamus ne, Marsandi musamman, sai Porsche masu sanyaya injin da iska. Ina wurin wani ya zo da maganar Jaguar E-Type, Baba ya ce zai iya duba masa tsatsa da lafiyar injin, amma asali sai ya nemi takardar shaida daga ma'ajiyar tarihin Jaguar a Ingila. Haka in Ferrari ce, ya ce a bi sashen Ferrari Classiche da kamfanin ya buɗe a 2006 don wannan aiki. Mutumin ya so ya biya a rubuta masa ko yaya ne, Baba ya ƙi karɓa.

Wanda ke neman tsohuwar 504 ta Kaduna ko Beetle ta Ojo don sha'awa ba ya buƙatar wannan gareji, makanikensa ya ishe shi. Amma duk wanda za a kira wa kuɗi da dala a kan Pagoda, ko SL ɗin da ta gaje ta daga 1971 zuwa 1989, ko tsohuwar 911, musamman in an haɗa masa da sunan wani babban mutum da ya rasu, to ya kai ta wurin Baba kafin ya ba da kafin alƙalami. Ya sa a rubuta a takardar ciniki cewa mai mota ya yarda a ɗauke ta zuwa gareji, ya yarda a nemo katin kamfani da sunansa, kuma in lambar injin ko ta casis ta saɓa wa abin da ya faɗa zai mayar da duk abin da ya karɓa, har kuɗin motar ɗauka. Ya je da sassafe, ranar Talata ko Laraba sun fi sauƙin cunkoso a Mushin, ya tafi da waya mai caji sosai don hotuna, kuma ya tsaya da kansa a bakin rami, kada ya aika yaro.